Abin da Ya Biyo Bayan Walimar Bashir

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jin ƙai.

Zuwa ga Mamana,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki gaisuwar uba ga 'yarsa. Ina roƙon Allah Ya tsare min ke a tafiyar da ke gabanki, Ya sauke ki lafiya, Ya haɗa ki da mutanen kirki, Ya dawo mana da ke muna raye.

Na san za ki yi dariya ki ce me ya samu Baba, ƙofarsa na kallon ƙofata amma ya ɗauki biro. Yi dariyarki. Mutumin da ya ƙare ƙuruciyarsa yana rubuta wa manya takardu a ma'aikatar tarayya, hannunsa ya fi bakinsa iya magana. Ga shi ke ce 'yar fari, kuma sunan mahaifiyata gare ki. Ko sunan naki ba na iya kamawa, balle in zauna a gabanki in baje abin kunyata. To amma ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Mahaifiyarku ta gaya min abin da kike shirin yi. Wai za ki rubuta wa jami'ar da ta ɗauke ki a ƙasar waje ki ce kin fasa. Gurbin nan da kika sha wahala a kansa, ki taso a gajiye daga jinyar yara masu ciwon daji ki zauna karatu, don ki je ki yi bincike a kan yadda rayuwar irin yaran nan take kasancewa bayan sun warke an sallame su. Wai dalilinki ƙanenki Bashir. Kin ce in kika tafi babu mai kai shi asibiti, kuma babu mai shiga tsakaninsa da ni, tunda ni da shi ba ma magana sai ta bakinki. Ban musa mata ba, don ba ki yi min ƙazafi ba. Ina roƙon ki karanta wannan har ƙarshe kafin ki aika wa kowa komai.

Lokacin da cikin Bashir ya fara kumbura yana ɗan shekara biyar, ke kin shiga sakandare ke nan. Soja ba su daɗe da komawa bariki ba, Abuja tana tashe, duk inda ka duba ana zuba kankare, kowa na rataye da sabuwar wayar hannu. Ni ma an yi min ƙarin girma, ina hangen kujerar darakta, ina jin kaina wani ne. Likita ya zaunar da ni ya ce ƙari ne a cikin yaron, kuma na daji ne. Mamana, abin da ya fara zuwa min a rai ba wai ko ɗana zai rayu ba ne. Abin da ya fara zuwa shi ne, wa da wa za su ji? Wannan ban taɓa faɗa wa kowa ba, har mahaifiyarku.

Na dawo gida na kafa doka cewa taifot ce ta yi tsanani. Haka na faɗa a ofis, haka aka aika wa dangi. Na ce wai ina kare ki ne, kada nan gaba masu neman aure su ce gidanmu akwai ciwon gado. Da gashinsa ya zube saboda ƙarfin magani, na sayo masa huluna kala-kala na ce kada ya kuskura ya fita babu. Shi kansa mai ciwon ban bari an gaya masa komai ba. Ke ce kika ba ni labari daga baya cewa duk watannin nan yaron ya ɗauka bishiya ce ta tsiro a cikinsa, saboda ya taɓa ɗaukar lemon da aka ajiye min a faranti ya shanye har da 'ya'yan. Yana kwance ana ɗura masa magani yana amai, shi a tunaninsa hukuncin sata yake karɓa.

Don haka in kin zauna da yaran nan a bincikenki, kafin ki tambayi uwa ko uba, ki tambayi yaron me shi yake zaton ya same shi. In babba ya yi shiru yaro ba ya zama haka nan, sai ya ƙirƙiro nasa bayanin, kuma nasa ya fi gaskiyar muni. In uba ya ja ki gefe ya ce kada ki gaya wa ɗansa, kada ki yi masa tsawa, yana cikin firgici. Ki dai tambaye shi a hankali wane ne yake karewa da shirun nan. Da wani ya yi min wannan tambayar, ban san inda zan sa kaina ba.

Kin san ɗakin yaran nan fiye da ni, don ni ban taɓa zama a cikinsa ba. Direba ne ke kai mahaifiyarku da kwanukan abinci, ita ke kwana a kan tabarma a gefen gado. Ni sai an tashi daga ofis in biya, in ajiye motar can nesa bayan wani gini don kada wani ya gane lambar gwamnati, in tako da babbar rigata in tsaya a bakin ƙofa da makulli a hannu. In ce yaya mai jiki, a ce da sauƙi, in ce Allah Ya ƙara sauƙi, in juya. Warin magani ne ba na so, da kuma kawunan yaran nan babu gashi. Na gaya wa kaina cewa jinya aikin mata ne, ni nawa in nemo abin da za a saya.

A gadon da ke kusa da na Bashir akwai wata yarinya, mahaifinta manomin doya ne daga Paikon Kore. Shi kullum yana nan, a gindin bishiyar harabar asibitin yake yini. Da damina ta faɗi sai aka wayi gari ya ɗauke 'yarsa magani bai ƙare ba, ya koma gona. Ina jin labarin na cika na batse, na ce wa mahaifiyarku ga irinta nan, jahilci ne yake kashe mutanenmu. Har a ofis na ba da labarinsa, ba tare da na faɗi abin da ya kai ni asibitin ba. Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Shekara ba ta zagayo ba ni ma na yi abin da ya yi, kuma ni babu gonar da take jirana.

Ga yadda aka yi. An yi wa Bashir aiki an cire ƙarin, ya gama maganinsa, Allah Ya ba shi lafiya. Ranar sallama wata babbar nas mai suna Sista Talatu ta biyo ni har tsakar harabar. Hausarta irin ta mutanen Abuja ce, amma babu abin da ban gane ba a ciki.

Ta ce, "Oga, yaro ya warke, mun gode Allah. Amma wannan magani da mun ba shi tana da ƙarfi, wani lokaci tana taɓa kunne, tana taɓa ƙoda. Filis, ka riƙa kawo shi cekof, a duba shi. Ko yana wasa yana gudu, ka kawo shi."

Na ce in sha Allahu, ina duba agogo.

Sai na shirya walima. Kin tuna ta, ke ce kika yi ta rabon lemo. Na yanka rago, aka girka shinkafa tukunya-tukunya, malamai suka sauke Alƙur'ani, abokan aiki suka cika layinmu da motoci, kowa na taya ni murnar yaro ya tashi daga taifot. Ba walimar ce laifi ba, godiya ga Allah wajibi ce. Laifin shi ne abin da na yi da ita. Da lokacin komawa asibiti ya yi mahaifiyarku ta tuna min, sai na ce mata mun yanka rago mun gode wa Allah a gaban jama'a, yanzu kuma mu kwashi yaro mu koma kamar muna shakkar Ya warkar da shi? Ta ce ai dubawa kawai za a yi. Na ce mai neman ciwo a jikin mai lafiya ba ya rasa samu. Ta sake tada maganar wani lokaci, na yi mata faɗan da ba ta ƙara ba.

Tsorona ne na ɗauko na sa masa rawani. Ina tsoron a duba a ce ciwon ya dawo, ina tsoron wani ya gan ni a layin masu ciwon daji bayan na ciyar da gari a kan taifot. Ban tambayi ko malami ɗaya daga cikin waɗanda suka ci ragon ba, don na san abin da za su ce. Neman magani ba ya kore godiya, kowane ɗan makarantar allo ya san haka.

To ki riƙe wannan da kyau, don a nan nake ganin bincikenki zai yi amfani. In kika zo kan iyayen da ba sa dawo da 'ya'yansu, za a miƙo miki amsa a shirye, a ce talauci ne da rashin ilimi. Akwai wannan, ban musa ba, manomin nan da yana da mai riƙe masa gona wataƙila da bai tafi ba. Amma kada ki tsaya nan. Ni digirina biyu, ga mota ga direba, asibitin kuma a hanyar ofis ɗina yake. Ki tambayi mutane me suke tsoro, me suka riga suka faɗa wa dangi, wace magana ce ba za su iya janyewa ba. Ki kuma nemi malamai da limamai ki zauna da su, don kalma ɗaya daga bakinsu ranar walima ta fi takardar asibiti shiga kunnen irina.

Sauran kin gani da idonki, amma bari in faɗa da kaina. Bashir ya fara matsawa jikin talabijin yana ƙure muryarta. A kira shi ya yi kamar ba da shi ake ba. Malamansa suka fara rubuto cewa ba ya mai da hankali, harshensa ma wasu kalmomin ba sa fita daidai. Ni kuwa na yanke hukunci cewa mahaifiyarku ce ta sangarta shi a gadon asibiti, na sa masa suna mai kunnen ƙashi. In ta roƙe ni in bi shi a hankali, in ce ice tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Maganar Sista Talatu tana nan a raina, ban manta ba. Duk sanda ta taso sai in danne ta, don in na yarda kunnensa ne, na yarda laifina ne.

Sai ranar nan ta gaisuwar Sallah a Maitama, gidan babban sakatarenmu na wancan lokacin. Na kwashe ku cikin sababbin kaya don ya ga iyalina. Akwai wani akwatin gilashi a falon da kifaye ke yawo a ciki, Bashir ya tsaya yana kallo ya ba mu baya. Mai gidan ya tambaye shi ajinsa nawa, shiru. Ya sake tambaya, shiru. Baƙi suka fara murmushi. Na tashi na juyo da shi na kwaɗa masa mari, a kan kunnen. Bai yi kuka ba. Kallona kawai ya yi, kallon wanda bai san daga ina abin ya faɗo ba. A mota kika yi ƙarfin hali kika ce, Baba, ba ya ji ne fa. Na ce yaushe kika zama likita. Hannun nan da nake rubutu da shi ne, Mamana, kuma har yau in na ga kifi a gilashi sai in kau da kai.

Daga nan na kai shi makarantar kwana wai a gyara min shi, aka zaunar da shi a bayan aji, ya yi ta faɗuwa har ya daina gwadawa. Sai da kika shiga makarantar koyon jinya kika ja hannunsa da kanki aka gwada kunnen. Aka ce maganin ne ya taɓa shi, kuma jin ba ya dawowa. Aka ce da an kawo shi da wuri, da an sa masa na'urar ji, an zaunar da shi a gaban aji, da karatunsa bai lalace ba. Da kika kawo min sakamakon na karanta na ce to Allah Ya kyauta, na shige ɗaki. Ko kiran yaron ban yi ba. Bai daɗe ba ya tattara ya koma gonata ta Yangoji yana kiwon kaji, na kuwa ce wa mutane sha'awar noma gare shi.

Abin da zan ce miki a nan gajere ne. Duk yaron da ya tashi daga wannan ciwo aka kawo miki shi ana cewa ya zama malalaci, ko mai taurin kai, ko daƙiƙi, ki duba jikinsa kafin ki yarda da halin da aka laƙaba masa. Kuma ki duba wanda ya kawo ƙarar.

Ke ma ban bar ki ba. Da kika zaɓi jinya na ji haushi, na so ki zama likita don in riƙa faɗa a majalisa. Shekaru ina ce wa abokaina likitanci kike karantawa, in kina wurin ki sunkuyar da kai ki rufa min asiri. Da kika zo min da zancen bincike na ce binciken me nas za ta yi, yara sun warke sai kuma me? Ni, da ɗana ke Yangoji, ni na faɗi haka. Kika roƙe ni in zauna ki yi min tambayoyi a matsayin uban yaron da ya warke, na ce ni ba abin gwajinki ba ne. Ana cewa abin da babba ya hango yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba. A gidanmu dai an samu akasi, ke kina ƙasa kika hango, ni ina kan kujerar darakta ina gyangyaɗi. Can inda za ki, duk wanda ya tambaye ki aikinki ki ce nas ce ke, da ƙarfi. Ni ma yanzu haka nake faɗa, ki tambayi mutanen masallacinmu, har sun gaji da ji.

Yanzu ga abin da ya sa na ɗauki biro. Washegarin ranar da mahaifiyarku ta gaya min shirinki, na ja mota da kaina na tafi Yangoji. Na same shi a ɗakin kaji yana zuba musu abinci, ya ba ƙofa baya. Na buɗe baki zan ƙwala masa kira yadda na saba, sai na kama kaina. Na tattare rigata na shiga, na ratsa ta cikin kajin nan da kashinsu da takalmina na zuwa Juma'a, na zagaya na tsaya a gabansa, na jira har ya ɗago.

Na yi masa magana a hankali. Na ce masa ciwon daji ya yi yana yaro, ba taifot ba, ba kuma lemo ba. Ya sani tuntuni, amma bai taɓa ji daga bakina ba. Na ce an gaya min in riƙa mai da shi asibiti na ƙi, na ce kunnensa ni ne sanadin da ba a kama abin da wuri ba. Na ambaci marin Maitama na ce ya yafe min. Duk tsawon maganar bakina yake kallo, bokitin abincin kajin na hannunsa.

Ya ce, "Baba, yau ne na fara ganin bakinka kana min magana. Kullum ta baya kake kirana."

Bai ce ya yafe ba, ni ma ban matsa ba. Na ce masa lokacin duba ƙodarsa da kunnensa ya kusa, ina so wannan karon ni in kai shi. Sai ya tambaye ni a ina zan ajiye motar. Ban gane ba da farko. Ya ce gadonsa a jikin taga yake, kullum yana hango ni ina ajiye ta can bayan wancan ginin ina waige-waige. Ɗan shekara biyar, Mamana. Ni ina ɓuya wa Abuja, ashe wanda ya gan ni shi ne wanda ke jirana. Na ce a bakin ƙofa zan ajiye ta, in shiga in zauna a kan benci kusa da shi har a kira sunansa. Na ce gobe ma in yana so.

Ya girgiza kai ya ce, "In Yaya tana nan, ranar za ka ce wani abu ya taso, ita ta kai ni. Bari ta tafi tukuna, sai mu gani."

Ya juya ya ci gaba da zuba wa kajinsa abinci. Na daɗe a mota ban iya tayar da ita ba, don yaron ya san ubansa.

Kin ji ke nan. Kina ganin zamanki ne yake riƙe da mu, kuma gaskiya ne, ya riƙe mu. Amma a bayanki nake ɓuya kamar yadda na ɓuya a bayan ginin nan. Muddin kina gida ina da mai ɗaukar min kayana, shi kuma ba zai taɓa sanin ko da gaske nake ba. In kika fasa tafiyar nan saboda ni, na cuci 'ya'yana biyu ke nan da laifi ɗaya, kuma ban san da wace fuska zan tsaya gaban Allah ba. Ki yi wa girman Allah ki tafi.

Ki riƙe sallarki a kan lokaci ko da rana ta rikice miki a can. Ki sayi rigar sanyi ta gaske, ban da irin taurin kan gidanmu. Ki riƙa rubuto wa Bashir saƙo, ya fi son rubutu da kira, kuma kada ki tambaye shi ko na cika alkawari, ki bari ya faɗa miki da kansa in ya ga dama. In kin dawo da na'urar ɗaukar maganarki, ki fara da ni. Zan amsa duk abin da kika tambaya, ki rubuta shi yadda yake, kada ki gyara min.

Allah Ya yi miki albarka, Ya tsare gabanki da bayanki, Ya sa iliminki ya amfani 'ya'yan mutane. Allah Ya ba yaran da ke kwance lafiya, Ya ba iyayensu ƙarfin zama a gefen gado. Ki yafe min, ki kuma sa ni a addu'a ranar da za mu je, don rabona da ƙofar nan tun ranar sallama.

Wassalamu alaikum.

Mahaifinki.